A Ware wa Ƙananan Makarantun Karkara Gasar Wasanninsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka sammini fili a shafin wasiƙu, ko da zai ɗan zarce wanda ka saba bayarwa. Maganar gasar wasannin ƙananan makarantun karkara ta daɗe tana damuna, na kuma yi ta ƙoƙarin gajarta ta abin ya faskara.

Ni malamin lissafi ne da ya yi ritaya. Shekara 19 cikin shekarun aikina na yi su a wata ƙaramar sakandare ta karkara, wadda ɗalibanta maza da mata, daga ajin farko har na ƙarshe, ba su taɓa cika 150 ba a zamanina. Ranar da na kama aiki, shugaban makarantar, Allah Ya jiƙansa, ya jawo durowa ya miƙo mini usur da ƙwallo guda da famfon hura ta, ya ce daga yau wasanni suna hannunka. Haka ake zama malamin wasanni a ƙaramar makaranta. Wanda ya fi ƙuruciya cikin malamai shi ake ɗora wa, kuma da zarar ya karɓa to ya karɓa ke nan. Na riƙe usur ɗin nan har na bar makarantar, saboda haka abin da zan faɗa gani ne, ba ji ba.

A shekarata ta biyu aka sa mu cikin gasar kofi ta ƙwallon ƙafa da ake yi sau ɗaya a shekara, irin ta sili-ɗaya-ƙwale. Wata uku muna atisaye kullum bayan an tashi. Cikin yaran maza kusan 60 da muke da su, na tace na samu 14 da za su iya tsayawa a fili. Da aka jefa ƙuri'a sai ta haɗa mu da wata makarantar birni mai ɗalibai sama da 2,000. Muka kama hanya tun duku-duku, tafiyar awa uku da rabi, yara a cunkushe a bayan mota, wasunsu ba su taɓa yin tafiya mai nisan haka ba. Muka isa ƙafafunsu sun yi tsami, aka ce saura minti ashirin a fara. Na dubi gefen fili na ƙirga waɗanda ke motsa jiki cikin rigar ɗaya makarantar, na ga 'yan bencinsu kaɗai sun fi mazan ajinmu na ƙarshe yawa. Kafin hutun rabin lokaci an zura mana 6. Aka tashi 11 da nema.

Cin da aka yi mana na daɗe da yafe shi. Abin da ya ƙi barin raina shi ne dawowar. Mota ta yi tsit, babu mai waƙa, babu mai tsokanar wani. Mai tsaron gidanmu, yaro ɗan shekara 15 wanda a ranar ya hana ƙwallaye sun fi goma shiga, ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, baɗi ma su za a ba mu?" Ban samu abin ce masa ba. Wasan nan na minti 90 shi ne farkon kakar wasanmu, shi ne kuma ƙarshenta. Da shekara ta zagayo na hura usur na fara atisaye, yara tara suka fito.

Tunda lissafi na koyar, bari in yi lissafin a fili, domin masu shirya irin wannan gasa ba su cika yin sa ba. Idan makarantu 32 suka shiga sili-ɗaya-ƙwale, 16 za su koma gida bayan wasa ɗaya. Takwas za su biyo su bayan wasa na biyu. Ke nan makarantu 24 cikin 32, kashi uku cikin huɗu, sun gama tasu shekarar da wasa ɗaya ko biyu, makarantu biyu kacal za su buga wasa biyar. Kuma kowa ya san waɗanne makarantu ne ke faɗuwa a zagayen farko, ba sai an kira suna ba. Yanzu a ɗauki makarantun nan 32 a raba su shiyya huɗu, takwas-takwas, kowace ta kara da kowace gida da waje. Kowace makaranta ta samu wasa 14, bakwai daga ciki a filinta, ba mota ba hanya. Na san jimillar wasannin ta tashi daga 31 zuwa 224, ban ɓoye wannan ba. Ai yawan wasan ne ake nema. Kuma wasa tsakanin maƙwabta biyu da ke iya kaiwa juna a kan keke, ɗawainiyarsa ba ta kama ƙafar ta kwasar yara zuwa wani gari mai nisa ba.

Yaron da ya buga wasa ɗaya aka lallasa shi, abin da ya koya shi ne cewa shi ba kowa ba ne. Yaron da ya buga 14 zai ci, za a ci shi, zai yi kunnen doki, zai ɓarar da fenareti a wannan mako ya samu damar gyarawa a mako mai zuwa. A cikin wannan maimaicin tarbiyyar wasa take. Duk abin da muke faɗa a taron safe game da haƙuri da juriya da mutunta abokin karawa, ba ya zama a zuciyar yaro sai ya sha kaye ranar Laraba ya kuma tashi ya fito atisaye ranar Alhamis saboda akwai wani wasan a gaba.

Na sha jin masu cewa raba ƙanana da manya shagwaɓa yara ne, wai sai an gwabza da na gaba ake ƙwarewa, kuma wata rana ƙaramin zai ba da mamaki. Ina girmama masu wannan ra'ayi, domin akwai lokacin da ni ma na riƙe shi. Akwai ma labari na gaskiya da ke goya musu baya. A jihar Indiana ta Amurka, a 1954, makarantar wani ƙaramin gari da ake kira Milan, mai ɗalibai 161, ta ɗauki kofin ƙwallon kwando na jihar baki ɗaya. Ta doke Muncie Central, wadda ta ninka ta yawan ɗalibai kusan sau goma, da ci 32 da 30, bayan wani yaro mai suna Bobby Plump ya jefa ƙwallon ƙarshe ana daf da tashi. Har yau ana ba da labarin. To amma me ya sa har yau ake ba da shi? Saboda bai sake faruwa ba. Sama da shekara arba'in aka ci gaba da zuba kowa a gasa guda, babu wata makaranta mai ƙanƙantar Milan da ta ƙara ɗaga kofin, har a 1997 jihar ta raba gasar gida huɗu bisa yawan ɗalibai. Mutanen can da yawa ba su ji daɗin rabawar ba, wasu har gobe suna ƙorafi, kuma na fahimce su. Sai dai ni ina tuna dubban yaran da aka yi ta kora gida a daren farko cikin shekarun nan arba'in, don dai a tsare damar wani abin al'ajabi da ya ƙi dawowa. Daga cikin irinsu na fito, na san yadda motarsu take yin shiru.

Makarantar da ke zaɓen 'yan wasa 11 cikin yara maza dubu, da wadda ke zaɓe cikin sittin, ba horo ne ya bambanta su ba, yawa ne. Ko wane irin gwani ka kawo ya horar da sittin ɗin nan, ba zai ƙirƙiro dogon mai tsaron baya da Allah bai kawo makarantar ba. Shi ya sa a jihar Texas ta Amurka hukumar da ke shirya gasannin makarantu ta jera su aji shida bisa yawan ɗalibai, tana kuma sake ƙirga su duk shekara biyu, makarantar da ta cika ta hau sama, wadda ta ragu ta sauko. A cikin kowane aji kuma sai a kasa su gunduma-gunduma gwargwadon kusanci. Ajin ƙasa, na makarantun da ɗalibansu ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, ko yawan 'yan wasan ba ɗaya ba ne da na sauran. Ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a gudu da ita, mutum 11 ke buga ta a kowane ɓangare, amma su ƙananan nan mutum shida-shida suke yi.

Wanda ya fito da wannan dabara ɗan'uwana ne a sana'a. Sunansa Stephen Epler, malami a wata ƙaramar sakandare a garin Chester na jihar Nebraska. A 1934, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, ƙauyuka suna ta raguwa, makarantu irin tasa ba sa iya haɗa 'yan wasa 11, sai ya zauna ya rage wa wasan mutane, ya rage girman fili, ya gyara wasu dokoki. Wasan farko da aka yi a watan Satumba na shekarar, makarantu huɗu ne suka haɗu suka fitar da ƙungiya biyu. Daga baya aka ƙara wata doka da nake ganin mai tausayi ne ya kawo ta: idan wani ɓangare ya ba da ratar maki 45 daga rabin lokaci zuwa sama, a busa a tashi. Duk lokacin da na tuna wannan doka sai in tuna mai tsaron gidana yana ɗebo ƙwallo ta goma sha ɗaya daga raga, alhali tun ta shida wasa ya ƙare.

Mu da ke buga ƙwallon ƙafa ba mu da dalilin tsorata da rage mutane. Dokar wasan kanta ta yarda a ci gaba da wasa muddin kowane ɓangare yana da mutum bakwai. Akwai ta biyar-biyar da duniya ta sani, har da kofin duniya nata. Zari-ruga ta mutum bakwai ma a wani ƙaramin gari ta Sikotlan, Melrose, aka fara ta a 1883, ga shi yau tana cikin wasannin Olamfik. Lamba 11 ba wahayi ba ce.

Jamaika kuma ta wata hanyar ta bi. A ƙwallon ƙafa, makarantun Kingston, babban birnin ƙasar, da kewayenta suna da Kofin Manning, na karkara kuma suna da Kofin daCosta tun 1950, inda ake farawa da rukuni-rukuni na maƙwabta. A ƙarshe zakaran birni da zakaran karkara su haɗu a kan garkuwar Olivier, kuma 'yan karkara sun sha tafiya da ita. Wannan ya isa amsa ga mai tsoron kada a raba su har abada. A bar su su haɗu, amma a ƙarshen hanya, bayan kowa ya buga wasansa ya ƙoshi.

Yanzu ga abin da muka gwada da hannunmu. Shekara biyu bayan waccan tafiya, na hau keke na zagaya ƙananan makarantun da ke kewaye da mu ɗaya bayan ɗaya. Kowane malamin wasanni da na tarar yana da irin labarina, ci ne kawai ya bambanta. Muka haɗu mu bakwai a wani aji ranar da ba karatu, muka zana jadawali a allo. Mafi nisa tsakaninmu bai kai kilomita 25 ba. Muka yarda da mutum tara-tara, minti 30 kowane rabi, fili kuma a rage masa tsawo. Wasa ranar Laraba bayan an tashi, gida da waje, maki uku ga wanda ya ci, ɗaya-ɗaya in an yi canjaras. Kowace makaranta wasa 12 cikin mako 14.

Zamanmu bakwai ya warware mana wata matsala da ba mu ma hango ba. Kowane mako makarantu shida ke wasa, ɗaya tana hutu, sai muka ce mai hutun ita za ta turo malamai uku su yi alƙalanci. Da haka babu wanda ya taɓa busa wasan makarantarsa. Duk wanda ya san wasan makarantu ya san rabin rigimar daga alƙali take tashi, musamman in ɗan gida ne. Ban ce ba a yi gardama ba, an yi, amma malamin da ya zalunce ka yau ya san nan da mako biyu kai za ka riƙe usur a wasan yaransa, wannan kaɗai ya sa kowa ya shiga taitayinsa.

Ɗaya rabin rigimar kuwa 'yan haya ne. A makon uku na shekarar farko wata makaranta ta shigo fili da wani ƙato mai ƙasumba, aka ce ɗan aji huɗu ne. Yaranmu suka ce sun san shi, ya bar makaranta tun suna firamare. Muka buga wasan don kada a watse, da dare na kasa barci, domin na san in aka bar wannan sau ɗaya, mako mai zuwa kowa zai nemo nasa, kuma yaran da aka yi gasar dominsu za su koma 'yan kallo. Muka sake zama, aka yi ta cacar baki har malamin makarantar ya amsa laifi, aka zare musu makin. Daga ranar kowace makaranta ta buɗe littafin rajista, suna da aji da hoton kowane ɗan wasa, da sa hannun shugaban makaranta, kowa kuma ya riƙe kwafin na ɗan'uwansa. Kafin a fara wasa kyaftin biyu su tsaya a kira suna ɗaya-ɗaya. Wanda ya amsa laifin nan, in faɗi gaskiya, shi ya zama mafi tsananinmu a kan dokar daga baya.

Muka ƙara sharaɗi guda wanda ya fi kowanne amfani: wanda ya yi fashin makaranta a cikin mako ba tare da uzuri ba, ba zai sa riga ranar Laraba ba. Ina da wani yaro mai gudu kamar barewa, wanda kafin gasar nan sai ya yi kwana uku ba a ga ƙeyarsa ba. Karo ɗaya na zaunar da shi a benci yana kallo aka ci mu ɗaya mai ban haushi a gida. Ya yi kuka, abokansa suka yi fushi da ni, wasu iyaye ma suka zo ba ni baki. Bai ƙara fashi ba har ya gama makaranta. Ni da nake riƙe da rajistar ajinsu na ga yadda layinsa ya cike. Da gasar kwana ɗaya ce a shekara, da me zan riƙe shi?

Ranar wasan gida kuwa, Malam Edita, sai wanda ya gani. Tun da hantsi yara ke share fili, suna zana layi, suna ɗaura raga. Mutanen da rabon su taka harabar makarantar tun ranar da suka kawo 'ya'yansu, sai ga su sun jeru a bakin fili. Wani dattijo da ya yi shekara biyu yana neman cire ɗansa daga makaranta, bayan ya ga yaron ya ci ƙwallo da ka, shi ya kawo mana itacen da muka sake turakun raga. Shugaban makarantarmu kan ce ya fi samun iyaye a bakin fili fiye da a taron iyaye da malamai, don haka nan yake bi yana isar musu da saƙonsa.

Sai a shekara ta biyu muka shigo da 'yan mata, kuma na yi nadamar jinkirin. Su suka zo da kansu, su biyar, suka tsaya a ƙofar ofishin malamai suka ce, "Malam, mu fa?" Muka zaɓi ƙwallon raga saboda mutum shida take buƙata kuma filinta kaɗan ne, muka haɗa da gudun miƙa sanda na mutum huɗu. Rana ɗaya da maza, tafiya ɗaya, da malama mace a tare da su. A nan na gane cewa kusanci shi ne ƙashin bayan wasan 'yan mata. Uban da ba zai taɓa barin 'yarsa ta yi tafiyar awa uku ta kwana a wani gari ba, yakan yarda in ya san garin maƙwabta za ta, kuma za ta dawo kafin rana ta faɗi. Duk gasar da aka gina a kan doguwar tafiya ta riga ta cire yaran mata tun kafin a jefa ƙuri'a.

Masu zaton karkara ce ke baya a wannan fanni su dubi abin da ya faru a jihar Iowa ta Amurka. A 1925 shugabannin makarantun jihar suka yanke cewa ba za su ƙara ɗaukar nauyin gasar ƙwallon kwando ta mata ba, wai ba ta dace da su ba. Waɗanda suka ƙi yarda yawancinsu shugabannin ƙananan makarantun ƙauye ne. Suka kafa ƙungiyarsu ta wasannin 'yan mata, wadda tana nan har yau, suka ci gaba da wasansu na shida-shida har zuwa 1993. Shekaru da dama 'yan matan ƙauyukan Iowa suna cika ɗakin wasa da 'yan kallo, a lokacin da takwarorinsu na manyan birane ba su da ƙungiya ko ɗaya.

Makarantu biyu a cikinmu sun yi ƙanƙantar da ko mata shida ba sa iya fitarwa, sai muka ce su haɗe su zama ƙungiya guda. Aka ɗan ja a kan rigar wa za a sa, muka raba gardama da cewa zagayen farko ta wannan, na biyu ta waccan. Daga baya na ji cewa Japan ma, da yara suka ragu a yankunanta na karkara, ta yarda tun 2012 makarantun da 'yan wasansu ba su cika ba su haɗa ƙungiya su shiga babbar gasar makarantunta ta ƙwallon da ake bugawa da sanda, wato baseball, wadda ake yi tun 1915. In ƙasa mai tsananin riƙo da sunan makaranta irin wannan ta sassauta, ban ga abin da zai hana kowa ba.

Gasar tamu shekara huɗu ta yi ta mutu, kuma mutuwarta ce dalilin wannan wasiƙa. Ba rashin kuɗi ya kashe ta ba, don ba ta taɓa cin wani abin kirki ba bayan ƙwallaye da raga da ɗan man mota. An yi wa shugabanni uku cikin waɗanda suka fara ta canjin wurin aiki a zango guda. Sababbin da suka zo suka tambaya a wace takarda aka rubuta wannan gasa, babu. Ana cikin haka wani yaro ya karye a hannu a wasan waje, aka rasa wanda zai ce alhakin yana wuyansa, mai masauki ko mai baƙunci. Yaron ya warke sarai, amma tsoro ya riga ya shiga. Na je ofishin da ke kula da makarantunmu na nemi a amince da gasar a rubuce, a kuma ba zakaranmu gurbi a wata gasa ta gaba. Jami'in ya saurare ni da mutunci, ya yaba, ya ce amma tsarin da ke hannunsa gasar kofi ce kawai ya sani. Sababbin shugabannin ban ga laifinsu ba. Mutum ba zai sa hannu ya tura yaran mutane kan hanya a kan abin da babu hukumar da ta san da shi ba.

Don haka roƙona ga masu tsara wasannin makarantu, a ko'ina suke, ba babba ba ne. Su ɗauko ƙidayar ɗalibai da taswira, abu biyun nan suna cikin ofishinsu tun tuni. Su ware makarantun da ba su kai wani adadi ba, su kasa su shiyya-shiyya ta yadda babu tafiyar da za ta wuce awa ɗaya, su sa gasar cikin kalandar zangon karatu da sa hannu da hatimi, yadda canjin shugaba ba zai tafi da ita ba. A rubuta cewa tara-tara da bakwai-bakwai wasa ne halattacce, haɗa ƙungiya ma haka. A fayyace wanda ke da alhaki in yaro ya ji rauni, a koya wa malami ɗaya a kowace makaranta taimakon gaggawa, a ba shi akwatinsa. Zakarun shiyyoyi su kara a tsakaninsu, wanda ya fito in an ga dama a haɗa shi da zakaran manya. Maganar kuɗi kuma, na halarci bukukuwan buɗe gasa da yawa, na ga rumfuna da lasifika da jerin jawabai da kofi mai tsayin yaro. Abin da ake kashewa a wunin nan ɗaya zai saya wa shiyya guda ƙwallo da raga na shekara.

Ga 'yan'uwana malaman wasanni da ke cikin aiki kuma, kada ku jira takarda kafin ku hau keke ku je wajen maƙwabcinku. Ku fara, amma ku yi abin da mu muka yi sakaci da shi: tun ranar farko ku rubuta komai, ku sa shugabanni su sa hannu, ku kai kwafi ofis ku karɓo shaida, ko da sai kun yi sawu goma.

Littafin da nake rubuta sakamako a ciki yana nan a akwatina, bangonsa ya yage. A shekara ta uku mun ƙare na biyu da maki 23, maki ɗaya tsakaninmu da na farko. Mai tsaron gidan nan nawa ya riga ya gama makaranta kafin mu fara gasar, bai buga ko wasa ɗaya a cikinta ba. Amma kusan kowace Laraba da muke gida yakan zo ya tsaya a bayan raga, yana gaya wa ƙaninsa inda zai tsaya.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon malamin lissafi da wasanni